Ɗan sanda ya wuce kwanakin hutu saboda ciwo: kurakuran da ke kai shi ga kora

Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba ciwon ne ke korar ɗan sanda daga aiki ba, shirun da yake yi ne. A ba kofur fas, wato izinin hutu, na kwana bakwai ya tafi garinsu, taifod ta kwantar da shi, wata biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, ranar da ya dawo ya tarar an riga an buga sigina, wato sanarwar cikin gida ta 'yan sanda, cewa ya gudu daga aiki, albashi ma an tsayar.

Babban kuskure shi ne kiran waya kawai. Wai ai na kira oga na faɗa masa, ya ce Allah ya sawwaƙe. To ranar da aka gurfanar da kai a odali rum, wato kotun cikin gida da ake yi wa ƙananan ma'aikata daga kurtu zuwa sufeto, wannan Allah ya sawwaƙen ba ya cikin fayil ɗinka, kuma ƙila ogan ma an yi masa taransifa. Kafin hutun ya ƙare ka rubuta takardar neman ƙarin kwana, in ba ka iya tashi ɗan'uwanka ya kai wa DPO ko ofishin admin, a buga hatimi a kofi ɗaya ya dawo maka da shi. Ko saƙon WhatsApp ka tura kar ka goge.

Sai maganar inda aka yi jinya. Nan ne 'yan'uwanmu suka fi faɗawa rami wallahi, mutum ya karye a kai shi wajen mai ɗori a ƙauye, ko ya yi ta karɓar allura a kemis, ya warke sarai amma ba shi da ko kati ɗaya. Ba ina kushe ɗorin gida ba ne, yana aiki, amma mai ɗori ba ya ba da takardar hutu. Ka leƙa asibitin 'yan sanda ko na gwamnati, likita ya rubuta ciwon da kwanakin da ya ba ka, ka adana kati da rasit da sakamakon gwaji, sannan ka kai rahoton kanka ofishin 'yan sanda mafi kusa su sanar da inda kake aiki. Kuma don Allah kar ka sayi takardar bogi, bincike ɗaya za a yi laifinka ya zama biyu.

Wasu kuma in an ba su takardar tuhuma sai fushi, su ƙi amsawa. Amsa ta, ka haɗa da takardunka, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka haƙƙin a saurare ka.

In har an yi korar, kar ka zauna gida kana jiran wani babban mutum ya sa baki har shekara ta wuce. Ka ɗaukaka ƙara a rubuce da wuri, har zuwa Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a Abuja, in ba a dace ba ka nemi lauya ku tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ke sauraron rikicin kora daga aiki. Abin da lauyan zai fara tambayarka kuwa shi ne ina kofin siginar korar da takardun asibiti.