Yadda Ake Shirya Zanga-zangar Lumana Mai Tasiri

Duk wanda yake tunanin fito da jama'a kan titi a Garwa, Marwa ko Njamena, ya kamata ya fara gano mutanen da gwamnati ta dogara da su, domin mai mulkin kama-karya ba ya harbi da hannunsa, ba ya kuma karɓar haraji da kansa. Sojoji da jandarmomi da ma'aikata da manyan 'yan kasuwa da sarakuna ne suke riƙe da shi, kuma zanga-zanga tana yin tasiri ne idan ta sa wasunsu suka janye jiki. A Sudan, boren da ya tashi kan tsadar burodi a Disamba 2018 bai kayar da Umar al-Bashir ba sai da jama'a suka yi zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja tun daga 6 ga Afrilu 2019, sojojin suka tuɓe shi ranar 11 ga watan.

Daga nan sai a tsayar da buƙata guda ɗaya wadda mai sayar da albasa da malamin makaranta za su iya faɗa ba tare da takarda ba. Mutanen Burkina Faso sun haɗu a kan hana Blaise Compaoré gyara tsarin mulki don ya zarce, ya kuwa sauka ranar 31 ga Oktoba 2014.

Lumana ita ce take jawo yawan jama'a. Binciken Erica Chenoweth da Maria Stephan a kan gwagwarmaya 323 tsakanin 1900 da 2006 ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na waɗanda ba a ɗauki makami ba sun yi nasara, yayin da na makami suka tsaya a kashi 26. Dalilin a fili yake: dattijai da mata da limamai suna shiga jerin gwano, amma da zarar an fara jifa da ƙone-ƙone sai su koma gida, jami'an tsaro kuma su samu hujjar buɗe wuta. Saboda haka a naɗa masu kula da sahu daga kowace unguwa, mutanen da aka san fuskarsu, su riƙa fitar da duk baƙon da ya zo da dutse ko fetur. A Kamaru dokar 19 ga Disamba 1990 ta tanadi a sanar da hukuma kwana bakwai kafin jerin gwano. Sau da yawa ana hanawa da sunan kiyaye zaman lafiya, amma takardar sanarwar tana yi wa lauya amfani a kotu.

Titi shi ne wuri mafi haɗari, kuma ba daidai ba ne a ɓoye wa matasa haka. Ranar 20 ga Oktoba 2022 an kashe masu zanga-zanga a Njamena da Mundu, gwamnatin Chadi da kanta ta ce kimanin mutum 50 ne suka mutu, aka kuma kwashi ɗaruruwa zuwa kurkukun Koro Toro da ke cikin hamada. Inda hukuma ta nuna za ta yi harbi, gara a koma ga yajin aiki da zaman gida, kasuwa a rufe, 'yan acaɓa su ajiye babura, kamar zaman gidan da aka yi a biranen Kamaru a 1991 har gwamnati ta zauna da 'yan adawa a ƙarshen shekarar. Sai dai mai neman abincin yini ba zai jure mako guda ba, don haka a taƙaita kwanakin, a kuma tara gudunmawar hatsi tun da wuri.

Kada a jingina da waya kaɗai, domin Chadi ta taɓa toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 har Yuli 2019. Kowace unguwa ta samu mai isar da saƙo baki da baki, da mai rubuta sunayen waɗanda aka kama don a miƙa wa lauyoyi.

Tun kafin a fita, a amince da waɗanda za su zauna teburin sulhu da abin da ba za a sassauta a kansa ba. 'Yan Sudan sun raba mulki da soja a 2019, sojan kuma ya ƙwace shi gaba ɗaya a Oktoba 2021, shi ya sa kwamitocin unguwa suke buƙatar ci gaba da zama ko bayan an sa hannu a yarjejeniya.