Matakan Horar da Tunani da Maganar Allah

Mai bi da ke son girma cikin Almasihu ba zai bar zuciyarsa ta yi ta yawo yadda ta ga dama ba, gama Romawa 12:2 ta ɗora sauyin rayuwa a kan sabunta hankali.

Da farko, ka lura da tunanin da ya fi addabar ka, ko tsoro, ko riƙo, ko sha'awa, ka rubuta shi ba tare da ƙawata shi ba.

Na biyu, ka nemo ayoyin da suka yi magana a kansa: Matiyu 6:25-34 idan damuwar gobe ce, Afisawa 4:31-32 idan gaba ce. Ka karanta dukan surar domin kada ka ɗora wa aya ma'anar da ba tata ba.

Na uku, ka haddace aya ɗaya, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan aikin, domin mugun tunani ba ya jiran ka buɗe Littafi Mai Tsarki. Sa'ad da Shaiɗan ya gwada Yesu a jeji, a Matiyu 4, duk amsoshin Yesu uku daga littafin Maimaitawar Shari'a suka fito. Ka maimaita ayar safe da yamma har ta zauna maka.

Na huɗu, duk lokacin da tunanin ya dawo, ka auna shi da Filibiyawa 4:8, wadda ta ce mu yi tunani a kan abin da yake gaskiya, daidai, kuma tsattsarka, ka faɗi ayar da ka haddace, ka mai da ita addu'a. Idan ya ci gaba da fin ƙarfinka, ka gaya wa fastonka ko wani amintaccen mai bi ku yi addu'a tare.