Yadda magidanci daga Kaduna zai kai iyalinsa bakin teku a Legas

Wanda ya koyi iyo a Kogin Kaduna ko ya saba jefa fatsa a dam ɗin Kangimi yakan ɗauka cewa ya san ruwa, alhali Tekun Atlantika yana da halin da kogi ba shi da shi, kuma wannan ne abin da na fi so magidanci ya riƙe kafin ya ɗebi yara. A shirya tafiyar tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ruwan sama ya ɗauke a kudu. Ga mai ƙananan yara, bakin tekun Tarkwa Bay, kusa da tashar jiragen ruwan Legas, ya fi dacewa, domin katangar duwatsun da ke kare mashigar tashar jiragen ruwa tana rage ƙarfin igiyar ruwa a wurin. Da jirgin ruwa ake zuwa, saboda haka kada kowa ya shiga sai ya ɗaura rigar kariya daga nutsewa, har da jinjiri.

A wajen iyo, haɗarin da ya fi kowanne shi ne ruwan da ke komawa cikin teku da ƙarfi ta wata siririyar hanya, wadda sau da yawa samanta yakan yi lum kamar ba komai. Idan ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi don ya dawo kai tsaye, sai ya yi iyo ta gefe, a jere da gaɓa, har ya fita daga cikinsa. Yara kuwa su tsaya inda ruwa bai wuce gwiwarsu ba, babba ɗaya yana kusa da su, ba ya duba waya.

Mai son kamun kifi ya nemi masuntan wurin da sassafe, ya sayi jatan lande a hannunsu don ɗanawa a ƙugiya, ya kuma nisanci masu wanka.

Kafin a kafa tanti, a tambayi masu kula da wurin ko an yarda a kwana. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, don haka a kafa tantin can sama da layin da yashi ya jiƙe, a tafi da gidan sauro da tocila. Ruwan teku yana halatta a yi alwala da shi, amma gishirinsa ya hana a sha, sai a tanadi ruwan sha isasshe tun daga gari, a kuma ajiye lambar gaggawa ta 112 a wayar kowane babba.