Yadda na gyara matsalar caji, garanti ya biya

Alhamdulillahi, an canza mini altanata, wato na'urar da ke cajin batir ɗin mota, kyauta. Mota sabuwa dal, ko ledar kujeru ban cire ba, sai fitilar batir ta kama ja a hanyar Madarumfa, da safe kuma ta ƙi tashi. Wani ya ce batir ne, wani ya ce bel, duk lafiyarsu lau. Makanikenmu ya sa mita a kan batir inji na aiki, volt 12.1 ya nuna, alhali ya kamata ya kai 13.8 zuwa 14.4, ya ce Alhaji altanata ne, amma kar ka bari kowa ya kwance shi, garanti zai tashi.

Na kira inda na saya a Yamai suka ce wai tunda a Maraɗi na canza mai babu ruwansu, raina ya ɓaci ƙwarai, mi ya haɗa mai da caji? Na ɗauki bidiyon mitar da kilomita da lambar shasi, na haɗa da rasit na mai da filta mai hatimin gareji, na tura musu a WhatsApp, na ce su rubuto mini layin da ya soke garantin a takarda. Ba su rubuto ba, sai suka ce in kawo motar. Na kai, suka canza altanatan, yanzu 14.2 mitar take nunawa. Allah ya saka wa makanike da alheri.