Yadda baligi zai nemi a duba shi ko yana da otizim a Zariya

Na raka mutum uku neman wannan bincike, biyu sun dawo gida da maganin damuwa kawai. Laifin ba na likita ba ne, hannu rabbana suka je. Likita ya tambayi ɗayansu yadda yarintarsa ta kasance, ya ce "lafiya lau, alhamdulillahi", magana ta mutu a nan.

Ka fara sanin cewa otizim, larurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane, wanda wasu ke haɗawa da galahanga, ba a gano shi da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin hoton kai don a tabbatar maka, riƙe kuɗinka. Da tarihinka da halayenka ake ganewa, kuma littafin DSM-5 na likitocin Amurka, wanda ya fito a 2013, ya shardanta cewa alamun su kasance tun ƙuruciya. Saboda haka aikin farko a tsakar gida yake, kafin ka taka asibiti.

Ka nemi wanda ya raine ka: Inna, Goggo, ko yayar da ta goya ka. Kada ka kuskura ka ce "Inna, ko ina da larurar ƙwaƙwalwa?" Za ta ce a'uzubillahi, ta rufe zancen, wataƙila ma a nemo mai ruƙya. Hira za ka ja bayan isha'i. "Inna, wai ina da shekara nawa na fara magana? Ina fita langa da yara ko ina raɓe a zaure? Me nake yi in ana kiɗa a gidan biki?" A nan za ka ji cewa kana toshe kunne in an tayar da injin niƙa, ko ka ƙi miyar kuɓewa saboda yauƙi, ko kana jera murafan kwalba ka yi ta kuka in an taɓa. Ka rubuta sunayen da ake kiranka da su, miskili ne, shiru-shiru ne, bahago ne. Hira ɗaya ba ta isa, tsofaffi a hankali suke tunowa. In akwai tsofaffin takardun sakamakon firamare, tono su, bayanin malamin aji a ƙasan takarda ya fi makin amfani.

Wani abu da nake nanatawa: a wurinmu sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya ce. Don haka "ba na kallon idon mutane" ba hujja ba ce sai ka fayyace. Har da abokanka? Har da ƙannenka? Mata sun fi shiga wannan tarko, domin yarinyar da ba ta magana yabonta ake yi da kunya, ta girma tana kwaikwayon gaisuwa da dariyar mutane, ta dawo daga suna ta kwanta yini guda don gajiya. 'Yar'uwa, wannan gajiyar ki rubuta ta.

Sai ka rubuta halayenka na yanzu. Shafi biyu sun isa, a ganina wanda ya wuce haka ba mai karantawa. Misalai nake so: abin da ya faru ranar da aka canja maka jadawalin aiki ba sanarwa, yadda hayaniyar kasuwar Sabon Gari ke yi maka, abin da ka nace wa har mutane suka gaji. Akwai tambayoyi 50 na auna alamun otizim, ana kiransu AQ, da masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka fitar a 2001, kyauta ne a intanet. Cika ka tafi da shi, amma maki mai yawa ba tabbaci ba ne, mai tsananin fargabar shiga jama'a ma yana iya samu.

Daga nan sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ka yi sammako, ka yanki kati, ka ga likitan farko, ka ce masa kai tsaye kana son a tura ka sashen likitocin ƙwaƙwalwa don binciken otizim. In ka fara da ciwon kai da rashin barci, su za a bi. Wanda ke gudun haɗuwa da idon sani yana iya tafiya Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Kaduna, sai dai ya lissafa kuɗin mota, don ba zuwa ɗaya ba ne. Ka tafi da Inna in za ta iya, ko a kira ta a waya.

Za a duba ko damuwa ce, ko fargaba, ko matsalar rashin tattara hankali, kuma suna iya haɗuwa da otizim a mutum ɗaya. In an tabbatar, ka roƙi rahoto a rubuce mai hatimi, ka yi kwafi. Otizim ba shi da ƙwayar da ke warkar da shi, in an rubuta maka magani ka tambaya na mene ne. Rahoton zai yi maka amfani a wurin aiki ko makaranta, musamman da yake an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya tun Janairun 2019. Wanda za ka nuna wa kuwa, wannan kai za ka zaɓa.