Yadda ake yin tiren fata na ajiye makullai da agogo

Tiren nan ƙarami ne, irin wanda ake ajiyewa a kan durowa ko kusa da ƙofa, maigida ya dawo ya juye masa makullai da agogo da carbi da canjin aljihu. Fata ɗaya ce mai kusurwa huɗu, a ɗaga gefunanta a matse kusurwoyin, babu ɗinki ko kaɗan. Sauƙin nan ne ke ruɗin ɗan koyo, sai ya fito da tire mai rawa a kan tebur, gefe ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

Fara da fata. Ƙirgi kake so, wanda aka jeme da bagaruwa, mai kaurin milimita 2 zuwa 2.5. Fatar kamfani mai laushi da masu takalma da jaka ke saye yawancinta jimar sinadarin kurom ce, ba ta shan ruwa sosai, kuma duk yadda ka lanƙwasa ta sai ta koma yadda take. Ka gwada tun a wurin mai sayarwa. Ɗiga ruwa a fuskarta: idan ya shige wurin ya yi duhu, jimar bagaruwa ce. Dubi kuma bakin yankan, idan tsakiyarsa toka-toka ce mai ratsin shuɗi ka bar masa kayarsa. A nan Kaduna ka tambayi dukawa inda suke sari, in kuma kana da mai zuwa Kano, kasuwar Ƙofar Wambai ta fi zaɓi. Ba sai ka sayi ƙirgi guda ba, ragowar yanka ta isa, amma daga gadon baya. Fatar ciki tana miƙewa, tiren da aka yi da ita ba ya daɗewa a tsaye. Jar fatar akuya ta Sakkwato tana da kyau ƙwarai, sai dai ta yi siriri, shimfiɗa za ka yi da ita a ƙarshe.

Kada ka auna a jikin fata. Yanki kwali mai tauri santimita 20 ta kowane gefe, ka ja layi santimita 4 daga kowane baki, tsakiya ta rage 12 da 12. Wannan ne gindin tiren. A kowace kusurwa huda biyu ce: ka auna santimita 3.5 daga tsinin kusurwar ta bin baki, ka shiga ciki da santimita 1.2, ka sa alama, ka maimaita a ɗaya gefen. Kafin ka huda, ninke kusurwar kwalin tsini ya rabu biyu daidai, ka soka basilla ta ratsa duka biyun lokaci guda. Ta haka ne kawai hudojin za su haɗu. Bambancin milimita 2 a nan ya isa ya murɗe tiren gaba ɗaya, kuma ba a gyara shi bayan an buga ribit, wato 'yar ƙusar da ke haɗe kusurwar. Idan ka matsar da hudojin kusa da tsini gefuna za su buɗe waje, idan ka nisanta su za su rusuno ciki.

Sai ka ɗora kwalin a fata ka zana da bakin basilla, ba da biro ba. Yanka da sabuwar reza a jikin rular ƙarfe, ja biyu ko uku marasa nauyi maimakon ja ɗaya da ƙarfi. Huda takwas ɗin da abin huda na milimita 3. Gyara bakin yanzu tun fatar tana shimfiɗe: sanfefa mai lamba 220 sannan 400, ka shafa ruwan ƙaro kaɗan, ka murza da tsumma mai kauri har ya yi santsi. Mai son rini ma yanzu zai yi, ya bari ya bushe sarai.

Jiƙawa ita ce inda aka fi kashe fata. Ɗan koyo yakan tsoma ta a bokiti ya tafi harkarsa, ya dawo ta zama kamar ganda, ya kama lanƙwasawa nan take. Fatar da ta sha ruwa haka ba ta riƙe layi, tana miƙewa a hannu, hudojin da ka wahala a kansu su tashi daga inda suke, in ta bushe kuma ta ƙanƙance ta yi tauri. Abin da ake yi shi ne a shafa ruwa da soso gaba da baya, sau biyu ko uku, har launin ya yi duhu bai ɗaya. Sannan a ajiye a jira. Lokacin aiki shi ne sa'ad da launinta ya fara komowa na asali amma in ka ɗora ta a kumatu ka ji sanyi. Danna farce a wani gutsure da ka jiƙa tare da ita: idan alamar ta zauna fes kuma ruwa bai fito ba, ta yi. Da hunturu iskar garin nan tana busar da saman fata cikin 'yan mintoci alhali ruwan bai kai tsakiya ba, ka lanƙwasa fuskar ta tsage. Saka ta a leda ka ɗaure na kamar awa ɗaya ruwan ya ratsa. Ruwan kuma na sanyi, na zafi yana dafa fata.

Akwai abin da ba a cika gaya wa mutum ba. Jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa ba ta shiri da baƙin ƙarfe. Duk inda ya taɓa sai ya bar baƙin tabo, domin hanyar da dukawa ke samun baƙi da kuloko, rinin da ake haɗawa da ƙarfe, ke nan. Saboda haka rular ƙarfe ta bar teburin, ka wanke hannu in ka yi washi, kada kuma ka matse kusurwa da kilif ɗin takarda.

Fuskar fata ce za ta kalli sama. Ɗora guntun katako mai santimita 12 da 12 a tsakiya, wanda aka goge gefunansa (kowane kafinta zai fitar maka daga ragowar aiki). Bi gefen katakon da ƙashi mai santsi ka danna layi. Kada ka tsaga layin da reza wai don ta yi saurin lanƙwasuwa, a kaurin nan ba ta bukata, kuma nan za ta yage. Ɗaga gefe biyu masu fuskantar juna, sannan sauran biyun, ka matse kusurwoyi da yatsu, ka zura tsinken ashana a hudojin su tsaya a saiti. Kama kowane kunnen kusurwa da abin shanya na katako, da ɗan ƙyalle a tsakani. Ɗora wani abu mai nauyi a kan katakon ka bar shi a inuwa kwana ɗaya, da damina kwana biyu. Rana tana murɗe gindi.

Idan ya bushe, ribit na tagulla za ka sa a hudojin, na baƙin ƙarfe yana tsatsa da damina. Tsawon ƙafarsa kaurin fata biyu da ƙarin milimita 2, wato 7 ga fatar 2.5. In ya wuce haka sai ya karkace a ƙarƙashin guduma. Mai tafiye-tafiye yakan fi son maɓallin ƙarfe don ya shimfiɗa tiren a jaka, amma ribit ya fi riƙo.

Yanki jar fatar akuya 11.5 da 11.5, shafa gam siriri a bayanta da gindin tiren bayan ka ɗan karce wurin da sanfefa, jira minti 10 ya daina bin yatsa, ka manna ka danne. Narka kakin zuma kashi ɗaya da man kaɗanya kashi uku, shafa kaɗan, mai ya yi yawa gefuna su saki. Goge da tsumma washegari.