Ranar Kanada: sababbin zuwa ku san mawaƙansu

'Yan uwa da kuka sauka Kanada bana, sannunku da zuwa. Ranar 1 ga Yuli hutu ce, ranar da aka haɗe ƙasar a 1867, ko'ina za ku ga ja da fari da tutoci, da daddare kuma wasan wuta. Bankuna da ofisoshin gwamnati a rufe suke, shaguna da yawa ma haka, bas kuma ba ta zuwa kamar kullum, to ku yi cefane tun ana gobe.

Amma ni abin da nake so ku lura da shi kiɗa ne. Ranar nan rediyo da dandali duk rok ɗin 'yan ƙasa ake saki, jita da ganga har cikin ƙirji. Dama tun 1971 doka ta ɗora wa gidajen rediyo saka waƙoƙin gida don kar na Amurka su danne su, yanzu kashi 35 cikin 100 ne. Za ku ji sunan Neil Young da Bryan Adams da ƙungiyar Rush ta Toronto da Alanis Morissette 'yar Ottawa.

Wanda dai nake roƙon ku riƙe shi ne ƙungiyar The Tragically Hip, 'yan Kingston ta Ontario. A waje ba su yi suna sosai ba amma a nan kam kamar Shata suke a wurinmu, don garuruwan ƙasar da tarihinta suke waƙa. Mawaƙinsu Gord Downie ya kamu da kansar ƙwaƙwalwa, duk da haka ya zaga ƙasar ya yi ban kwana, wasan ƙarshe a Agusta 2016 tashar talabijin ta ƙasa CBC ta nuna kai tsaye mutane sama da miliyan 11 suka kalla, ya rasu 2017. Kuma ya tsaya wa 'yan asalin ƙasar kan yaransu da aka raba da iyaye aka kai makarantun kwana, in kun ga mai rigar ruwan lemo ranar nan yaran nan yake tunawa, ku girmama shi, ba kowa ke murna ba.

Wallahi ka tambayi maƙwabcinka Bature ina yake daren wasan ƙarshe na Downie, hira ta buɗe kenan.

In ba kwa jin kiɗa ba wanda zai tilasta muku, ku fita da yara da rana wuraren iyali, ku kauce wa ɓangaren giya. Magariba a Toronto sai wajen ƙarfe 9, wasan wuta na bayanta, ku tafi da darduma da ruwa. 'Yan Montreal kuma ranar tashi daga gidan haya ce, motar kwashe kaya sai an kama tun da wuri.